Waƙa ta tafi, fiyano ya zauna: ina taken fim ɗin Hausa?

Gwaggona ba ta zaman kallo. Tana can tsakar gida tana tsince shinkafa ko tana fifita wuta, talabijin na falo, amma babu abin da ke wuce ta a cikin shiri. Wani dare muna kallon ɗaya daga cikin fina-finan nan masu dogon zango, sai ta ɗaga murya: "Wa kuma aka saka?" Na ce, "Gwaggo, ba a saki kowa ba, kuɗin makaranta ne uban ya ce babu." Ta ce, "To ni dai kiɗan saki na ji." Muka yi dariya. Da na kwanta sai na ga ai gaskiyarta ce. Kiɗan da aka sa wa rashin kuɗin makaranta shi aka sa wa saki a makon jiya, shi aka sa wa mutuwar mahaifiya, shi kuma aka sa ranar da wayar jarumar ta faɗa ruwa. Fiyano ɗaya ke kukan komai.

Ra'ayina a nan shi ne, mun yi murnar raguwar rawa da waƙa a fina-finanmu, amma ba mu tsaya mun duba abin da ya gaji gurbinsu ba. Abin da ya gaje su ya fi su rauni, alhali maganin yana cikin gidanmu tun kaka da kakanni.

Mu ɗan koma baya. Kunnen mai kallo a ƙasar Hausa a sinima ya buɗe, a irin su Rex da Palace da Plaza da El Dorado na Kano, inda fina-finan Indiya suka yi shekaru suna cika kujeru. Mutanen da ba su jin ko kalma ɗaya ta Indiyanci sun haddace muryar Lata Mangeshkar da Mohammed Rafi da Kishore Kumar, har masu bandiri suka riƙa ɗaukar karin waƙoƙin suna ɗora begen Annabi (SAW) a kai. Da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, aka buɗe ƙofar fim ɗin bidiyo, wannan kunnen ne ya zo kallo. Kafin shekarun 1990 su ƙare, fiyanon Yamaha ya shiga situdiyoyin Kano, mutum ɗaya yana iya fitar da ganga da sarewa da jita da yatsunsa goma. Fim ɗin Sangaya ya fito, waƙarsa ta karaɗe gari, daga nan kasuwa ta gane inda kuɗi yake. Waƙoƙin da ake kira nanaye suka zama jarin fim. Sau da yawa waƙa ake fara yi, a yi tallar fim da ita, labari ya biyo baya yana haki.

Na san laifuffukan wancan zamani, kuma ba zan wanke su ba. Ana tsakiyar rigimar gado sai ka ga saurayi da budurwa a kan dutse sun sauya kaya sau huɗu. Malamai sun yi ta magana, iyaye sun yi, Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano da aka kafa a 2001 ta yi ta kafa ƙa'idoji a kan shiga da rawa. Sai dai akwai wani aiki da waƙar ke yi wanda ba a cika faɗa ba. Mu mutane ne masu kunya da kawaici. A fim ɗinmu saurayi ba ya riƙe hannun budurwa, budurwa ba ta buɗe baki a gaban manya ta ce ga wanda take so. To ina soyayyar za ta bi ta fito? Ta waƙa take bi. Abin da baki ya kasa faɗa a zaure, muryar Misbahu M. Ahmad ko Fati Nijar, daga baya Nura M. Inuwa ko Umar M. Shareef, ita ke faɗar sa. Waƙa ita ce tagar da zuciyar ɗan wasa ke leƙowa.

Sai kasuwar faifai ta mutu, masu satar fasaha da wayar hannu suka binne ta. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, Daɗin Kowa ya nuna cewa ana iya riƙe mai kallo mako-mako ba tare da an tashi rawa ba, Kwana Casa'in ya biyo. A 2020 Labarina na Aminu Saira da Izzar So suka tabbatar da cewa zamanin dogon zango ya zo, ko a talabijin ko a YouTube. Mawaƙa suka kama gabansu da bidiyon waƙoƙinsu, labari ya samu sarari ya numfasa. Ni ma na yi tafi. Amma an toshe tagar nan, ba a buɗe wata ba.

Saurari yawancin shirye-shiryen yau da idonka a rufe, sauti uku za ka ji. Akwai fiyanon kuka, wanda ke farawa tun kafin a faɗi mugun labarin. Akwai "dum" ɗin firgita, wanda ake bugawa sau uku, kowace fuska da nata. Akwai kuma fito da ƙararrawar barkwanci, don kada ka manta cewa nan wurin dariya ne. Galibi daga intanet aka kwaso su, mai haɗa hoto ya shimfiɗa su tun daga farkon fitowa har ƙarshenta, wani lokaci har su danne maganar 'yan wasa. Dattijon ɗan wasa ya yi iya ƙoƙarinsa, muryarsa ta karye a daidai inda ya kamata, amma fiyano ya riga shi fashewa da kuka. Wannan raina mai kallo ne, kamar mai ba da labarin da ke zungurinka da gwiwar hannu yana cewa "ka ji fa, ka ji fa."

Ga abin da kiɗa ke iya yi idan an ba shi aikinsa. A fim ɗin Jaws na 1975, labarin wani kifi mai cin mutane, na'urar kifin da aka ƙera ta yi ta lalacewa, don haka ba a cika nuna shi ba. John Williams ya ba kifin sauti biyu kacal masu bin juna, suna farawa a hankali suna ƙara sauri. Da ka ji su ka san yana kusa, ko da ruwa kawai kake gani. Da wasu yara suka yi wasan tsoratar da mutane da kifin ƙarya, ba a sa sautin ba, domin kiɗan ba ya yi wa mai kallo ƙarya. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Ar-Risala, wato The Message, na Mustapha Akkad, na 1976, wanda kusan kowane gida ya gani. Ba a nuna Manzon Allah (SAW) ba, ba a ji murya a madadinsa ba. Wani sassanyan sauti da Maurice Jarre ya tsara shi ke sanar da mai kallo cewa ana gabansa, sai ka ji jikinka ya yi sanyi. Ka duba irin nauyin da aka ɗora wa sauti a nan, ya kuma ɗauka.

Masana fim na Turai suna da dogon bayani a kan wannan dabara ta bai wa mutum ko abu sautinsa na kansa. Mu kalma ɗaya muke da ita: take. Bahaushe ya san take tun kafin a ƙera kyamara. Sarki na da takensa, ɗan dambe na da nasa, ɗan tauri idan ya ji an kaɗa nasa ba ya iya zama. Kayan kiɗan kansu kowanne da gidansa. Kalangu na mahauta ne tun asali, kafin Mamman Shata ya zagaya duniya da shi. Dundufa ta maƙera ce. Gangar noma ta gayya ce. Komo na maharba ne. Tambari da kakaki na sarauta ne, talaka ba ya busa wa kansa kakaki komai kuɗinsa. Kotso da taushi na fada ne, hannun su Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Jankiɗi. Garaya da goge suna da tsohuwar alaƙa da bori. Shantu da kiɗan ƙwarya na mata ne a cikin gida, wanda Barmani Choge ta fito da shi fili. Sarewa ta makiyayi ce a daji. Kuntigi kuwa, ƙaramin abu mai tsirkiya ɗaya, da shi Ɗan Maraya Jos ya ba da labarin karen mota da talakan gari. Wato kowane sauti ya riga ya zo da ma'anarsa a kunnen mai kallo. Abin da mai tsara kiɗa a wata ƙasa zai ɓata rabin fim yana koya wa jama'a, mu an haife mu da shi.

Ka ɗauka a shirin akwai ɗan mahauci da ya yi boko ya zama babban ma'aikacin banki, yana ɓoye asalinsa. Duk ranar da aka taɓa shi ransa ya ɓaci, a ji kalangu can ƙasa-ƙasa, bugu uku, ya yi shiru. Ba sai wani ya tsaya ya yi mana jawabin cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe ba. Ko daren da aka kawo amarya: kyamara na ɗakin uwargida, tana ninke kayan yara, kiɗan ƙwarya da guɗa na shigowa ta taga daga ɗaya ɓangaren. Kiɗan murna ne, amma a wannan ɗaki ya fi kowane fiyano ciwo. Ko uwar miji mai makirci a ba ta jan goge guda ɗaya, siriri. Bayan fitowa biyar, da an ja shi mai kallo zai gyara zama tun kafin ta yi sallama. A shiri mai kashi hamsin ko ɗari, take ya fi amfani ma fiye da a gajeren fim, domin yana da lokacin da zai zauna a kunne, ya girma tare da mai shi, ya sauya idan halinsa ya sauya.

Sai kuma shiru, wanda shi ne kayan kiɗan da muka fi wulaƙantawa. A ina aka taɓa kiɗa a zaman makoki a ƙasar Hausa? Abin da ake ji shi ne sallama, "ya haƙuri," ƙarar carbi, shessheƙa daga cikin gida, tsakuwa a ƙarƙashin takalmin mai tafiya. Duk daraktan da ya ɗora fiyano a kan wannan ya ɗauke mu daga gidan rasuwar da muka sani ya kai mu wani wuri da ba namu ba. Haka garuruwanmu ke da nasu amon: luguden daka da asuba, injin markaɗe, kiran salla daga masallatai uku suna cin karo, adaidaita sahu, janareta da ke mutuwa a tsakiyar magana. Mai kunne zai gina tashin hankali da waɗannan kaɗai.

Na san amsar da za a ba ni. Za a ce kuɗi da lokaci: shirin da ake sa wa ranar fita kowane mako, wa ke da sararin neman mai kotso? Wannan uzuri ne mai ƙarfi, amma ba ya tsayawa. Ba kowane mako za a kira makaɗa ba. A tara mutum biyar ko shida a situdiyo kwana biyu kafin a fara zango, a ɗauki taken kowane babban ɗan wasa iri uku, na natsuwa da na fushi da na baƙin ciki, an samu rumbun da za a ci har ƙarshen shekara. Sautin naka ne, babu wanda zai tashi a YouTube ya ce an ɗaukar masa kaya. Makaɗan da bukukuwan zamani suka ture gefe su ma sun samu abin kai wa gida.

Za a ce matasa ba sa son kayan gargajiya. Ban ce a jefar da fiyano ba, kuma ban ce a mayar da kowane fim na ƙauye ba. A haɗa su. Matasan nan su ne suka kwana suna kallon Ertugrul na Turkiyya, wanda kiɗansa ya jingina da kayan tsirkiya na gargajiyar Turkawa, ba wanda ya ce ya tsufa. Abin da ke damunmu, in za mu faɗi gaskiya, tsohon rainin da muke yi wa makaɗi ne, muna ganinsa maroƙi, muna ganin na'ura ita ce wayewa. Akwai kuma masu ganin a rage kiɗa saboda addini. Su ma shawarata ba ta saɓa musu ba, domin abin da nake nema ya fi abin da ake yi yanzu ƙarancin kiɗa nesa ba kusa ba: bugu kaɗan a inda ya dace, sauran a bar wa murya da shiru.

Ba a rasa masu ƙoƙari ba. Waƙoƙin Naziru Sarkin Waƙa a farkon Labarina sun manne da shirin har ya zama da an ji su an tuna shi, wanda ya nuna cewa mai kallo na riƙe sautin da aka yi domin labarin. Abin da ya rage shi ne a ɗauki mai tsara sauti a matsayin ma'aikaci tun ranar da ake karanta labari, a zauna da shi kamar yadda ake zama da mai ɗaukar hoto, a sa kuɗinsa a kasafi, a rubuta sunan mai goge da mai kalangu a ƙarshen shiri.

Gwaggo har yanzu tana tsakar gida, kuma har yanzu da kunne take kallo. Ita ce alƙaliyata. Ranar da na ji ta ce, "Kai, wannan Hajiyar ce ta dawo ko? Na ji gogenta," ranar zan san fim ɗin Hausa ya samu takensa.