Kwalliyar gada, don wa?

Ƴan uwa ɗalibai, duk ɗan Tibiri ko Dogon Dutsi da ya tafi karatu Yamai ya san Gadar Kennedy da ƙafarshi. Jami'ar Abdou Moumouni tana Harobanda, kasuwa da ofisoshi suna wancan ƙetare, dole ka taka. An buɗe gadar a 1970. Ta biyu ta zo a 2011, ta Seyni Kountché a 2021, ga gadar sama ta Diori Hamani kusa da kasuwar Katako tun 2018. Aiki ne babba, ban musa ba. Ƙorafina ɗaya ne: kwalliyar wuraren nan don mai mota aka yi ta.

Ku duba inda ake kafa abin tunawa: tsakiyar shataletale. Mai mota ya gan shi cikin ƙiftawar ido ya wuce, mai ƙafa kuwa ba ya isa wurin sai ya sayar da ranshi. A ƙarƙashin gada fa, inda mai keke da mai baro da yarinya mai talla suke fakewa daga rana? Yawanci siminti ne tsirara, sai takardun kamfe da suka koɗe, sai zarni. Alhali mai ƙafa shi ne mai lokacin kallo, safe da marece yana bin bangon nan.

Kuma wurin yana da abin faɗi. Ran 9 ga Fabrairu 1990 aka harbe ɗalibai uku a Gadar Kennedy, jininsu na cikin abin da ya kai mu ga taron ƙasa na 1991. Kowace shekara ana jawabi, a watse. Suna a kan allo ba ya koyar da ƙanenmu komai. A 2020 kogin Kwara ya cika ya ci unguwannin Harobanda. Da an ja layin shuɗi a ginshiƙi daidai inda ruwa ya kai, aka kewaye shi da zanen jirgin masunta, da ya zama ado, ya zama gargaɗi ga mai son gini a bakin ruwa.

Wani zai ce zane abinci ne? A'a. Amma bangon da aka ƙawata aka sa mishi fitila, mutum yana jin nauyin tsuguna mishi, ɗaliba kuma ta ratsa bayan magariba gabanta bai faɗi ba. Wani zai ce surori ba kyau. To, gidajen Birni a Damagaram cike suke da dagi da zanen magina, ba fuska ko ɗaya. Ɗakunan gidan tarihi na Boubou Hama, kusa da gadar, irin adon nan gare su.

Abin da nake tsoro shi ne a ji maganar nan a cika bango da fuskokin manya. Wannan kamfe ne da fenti. A ba masu zanen kamyo da allon aski aikin, su suka san idon talaka.

Mu a Tibiri ba mu da kogi, sai Dallol Mawri. Amma muna da bangon lakwal da na tasha, muna da labarin Sarauniyar Lugu da ta tari sojan Faransa a 1899. Mu haɗa kuɗin fenti, mu nemi izini, mu fara daga gida.