Jirgin kwali da jirgin kara

Kalmar jirgi tun asali ta ruwa ce. Da Turawa sunka kawo abin hawa mai bin dogo, anka ce jirgin ƙasa. Da mai tashi ya zo, anka ce jirgin sama. Yau in ka ce ma yaron Bonkuku "ga jirgi", sama zai ɗaga kai. Mai sunan na asali sai an liƙa mashi "ruwa" kafin a gane shi, kamar mai gidan da baƙi sunka yi ma yawa. Abin bai zama na mamaki ba ga mutanen da ke zaune cikin Dallol Boso, kwarin tsohon kogin da ya ƙafe tun dubban shekaru, ya bar muna ruwa kusa-kusa ƙarƙashin yashi, muna noman dankalin turawa da shi.

To ga shi yanzu wani jirgin ruwa ya shigo muna ta waya. Kowa daga cikinmu ya taɓa cin karo da bidiyon nan: mutum ya buɗe kwali, ya zazzage ƴan guntayen roba ɗaruruwa, kowane da lambarshi, ya bi takarda daki-daki shina yanka, shina gogewa, shina mannawa da gam, sannan ya ɗauko fenti. Bayan watanni sai ga ƙaramin jirgi bisa tebur. Faransawa na ce mashi maket. Sana'a ce babba a can: Airfix ta Ingila ta fitar da nata jirgin roba na farko a 1952, Heller ta Faransa ta kafu a 1957, ga Revell, ga Tamiya ta Japan. Abokanmu na tura ma juna bidiyon suna cewa, kai, Turawa da haƙuri! Ni kuwa ina ganin abin ya cancanci a auna shi, a ga mi za a ɗauka, mi za a bari.

Abu na farko da ya kamata a yaba shi ne awo. In an rubuta 1/350 a jikin kwali, nufi kowane santimita guda na ƙaramin jirgin shina tsaye a madadin santimita 350 na babban. Titanic, wanda ya nitse a 1912, tsawonshi mita 269 ne. A wanga ma'auni zai dawo kimanin santimita 77. Kuma ƙa'idar ba ta da son kai, ƙofa da matakala da igiya duk da ita za a rage su. Na biyu shi ne fenti. Gwanayen abin ba su barin jirgi fes kamar amarya. Suna zana mashi tsatsa inda ruwa ke zuba, baƙin hayaƙi a bakin bututu, da gurbin da fenti ya ɓaɓɓake saboda gishirin teku. Wanda ya iya haka ya daɗe shina kallon jirgi na gaskiya.

Inda nike da ja shi ne, duk shawara an riga an yanke ta a masana'anta. Siffa, yawan guntaye, hatta kalar da za a shafa, lamba ce aka ba ka. Mutum dubu za su sayi kwali iri guda, su fito da jirgi iri guda, gwaninsu shi ne wanda ya fi kusa da hoton da ke bisa murfi. Mu da munka yi lakwal mun san sunan wanga aiki: dikte. Malam na faɗi, kana rubutawa, a ƙirga kuskure. Dikte na gyara hannu, amma ba a taɓa jin wanda ya zama marubuci da shi kaɗai ba. Sannan a duba waɗanne jirage anka fi yayi: Bismarck na Jamus, Yamato na Japan, jiragen yaƙin duniya na biyu. Saurayi zai iya lissafa maka bindigogin Bismarck, bai san sunan itacen da ake sassaƙa kwale-kwalen kogin Kwara da shi ba. Da yake kuma kwalin ba a kasuwar Bonkuku ko ta Filinge ake saida shi ba, sai mai kallo ya yanke cewa abin ba namu ba ne, ya kashe waya.

Alhali kuwa namu ne tun fil azal. Wa ya tashi a Kurfai ko Imanan bai yi motar kara ba? Bayan girbi a fere ɓawon kara, a yanka totuwa gunduwa-gunduwa, a soke, a haɗa, a yi taya da tsohon silifa ko gindin gwangwani. Yaron ba shi da takarda, ba shi da lamba. Tasha yake zuwa ya tsaya gaban babbar motar da ta zo ɗaukar dankali, ya ga inda karen mota ke zama, inda ake ɗaure tayar safiya, inda jarkar ruwa ke reto, ya koma gida ya fitar da su daga kanshi. Shi ke zaɓen abin da zai sa da wanda zai bari. Wannan kam rubutu ne na ƙashin kai.

Amma kada mu yi ma motar kara kirarin da ya wuce ta. Awo ba ta da shi: taya kan fi ƙofa girma, kan mota kan rinjayi bodi. Ba ta kwana biyu gara ta cinye ta. Mafi muni, da yaro ya kai shekara sha biyu sai manya su ce wasa ya ƙare, hannun da ya fara gwanancewa ya tsaya nan. Motocin roba na kasuwa kuma sun zo sun ƙarasa abin da ya rage.

Ko a Yamai, inda kogi yake, ƙananan kwale-kwalen itace da ake saida ma baƙi don tsaraba ba su cika gamsar da ido ba. Sumul suke, suna ƙyalli, ba faci, ba kwalta, ba ƙwaryar kwalfe ruwa. Ka sauka ƙarƙashin gadar Kennedy ka dubi waɗanda ke sauke kabewa, za ka ga kowane da tabonshi da tarihin gyaran da ya sha. Mai sassaƙa ya san haka sarai, mai saye ne yake so ya faranta ma rai.

Ƙaramin jirgi kuwa na iya ɗaukar ilimi mai nauyi. A 1920 an tono kabarin wani babban ma'aikacin fada a Masar mai suna Meketre, wanda ya rayu kusan shekara 4,000 da sunka wuce. An iske ƙananan jiragen itace da matuƙansu, da masunta na jan taru, har da jirgin dafa abinci. Da su masana ke gane yadda ake tafiya bisa kogin Nilu a wancan zamani. Kusa da mu kuma, a 1987 wani Bafillace na gina rijiya a Dufuna cikin jihar Yobe ya ci karo da kwale-kwale mai tsawon mita 8.4, wanda awo ya nuna ya kai shekara 8,000. Babu jirgin da anka gano a Afirka da ya girme shi. A ma'aunin 1/20 santimita 42 ne kacal, guntun itace da wuƙa sun isa. Harshe ma bai manta ba: kalmar komi, da muke ce ma abin shayar da dabbobi a bakin rijiya da fangalin lambu, ana kiran kwale-kwale da ita a wasu sassan ƙasar Hausa. Kututture guda ne anka rarake.

Shawarata ga ƴan uwa ɗalibai ita ce, mu ari awo da haƙurin fenti daga masu kwali, mu riƙe idon mai motar kara. Wanda karatu ya kai Yamai ya tafi bakin kogi da igiyar awo da littafi, ya gaida masunta, waɗanda Zabarmawa ke ce ma Sorko, Hausawa kuma Sarkawa, ya nemi izini ya auna jirgi guda. Duk guntun da zai sassaƙa ya tambayi sunanshi da Zabarmanci da Hausa, ya rubuta, don ba ka iya manna abin da ba ka san inda yake zama ba. In hutu ya zo ya kawo shi gida, ya aje gaban ƙannenshi, ya ba su wuƙa da kara su gwada nasu.