"Ba Haka Yake A Littafi Ba": Gardamar Masoya Katun Ɗin Jarumai

Mai karatu, duk wanda ke bibiyar katun ɗin Amurka, musamman irin wanda ake tara jarumai masu ƙarfin ban mamaki su zama runduna guda, ya san masoyansa ba sa rabuwa da gardama. Wannan ya ce X-Men na 1992 shi ne uban tafiya, wancan ya ce ai ba a taɓa yin kamar Justice League ba, na uku kuma ya rantse cewa tun da aka daina Teen Titans a 2006 bai sake ganin abin kirki ba. Da yake kusan duk shirye-shiryen nan daga littattafan labari cikin zane aka ɗauko su, wato waɗanda ake kira komik, na kamfanonin Marvel da DC, akwai wani hukunci da ya fi kowanne yawo a bakin masoyan: ba haka yake a littafi ba. Da zarar an faɗi haka, shi ke nan, an kashe bakin kowa.

A wannan watan ina son mu auna wannan hukunci mu gani ko yana da nauyin da ake ba shi. Kada ka ce ai abin yara ne. Surutun masoyan nan ya taɓa dawo da shirin da aka riga aka binne, kuma furodusoshi na sauraren sa kafin su zuba kuɗi. Mu ma nan gida ba baƙi ba ne a irin wannan magana, domin duk littafin da aka mayar fim, tun daga Shaihu Umar har zuwa In Da So Da Ƙauna, sai ka ji wanda ya karanta yana lissafa abin da aka tsallake.

Mu fara da X-Men ɗin da ake kafa hujja da shi. Stan Lee da Jack Kirby ne suka ƙirƙiro labarin a 1963, sannan aka fara nuna katun ɗin a tashar Fox a ƙarshen Oktoba 1992, ya yi kashi 76 kafin ya tsaya a 1997. Masoyansa kan ce shi ne ya fi kowanne bin littafi sau da ƙafa. Da gaskiyarsu ta wani ɓangaren, don ya ɗauko manyan labaran da Chris Claremont da John Byrne suka yi a 1980 da 1981. To amma duba abin da ya yi da labarin Dark Phoenix. A littafi, Jean Grey ta haɗiye wani tauraro, ta hallaka biliyoyin halittun da ke zaune a wata duniya kusa da shi, daga ƙarshe ta kashe kanta a kan wata. A katun, an ce babu kowa a duniyoyin, kuma 'yan uwanta suka raba mata ransu ta farfaɗo. Wannan fa ba ƙaramin sauyi ba ne, domin an cire laifin, an cire hukuncin. Haka shi ma Wolverine, mai faratan ƙarfe, akasari mutum-mutumin inji yake yankawa, saboda dokar tashar yara ba ta yarda da jini ba.

To me ya sa ba a yi wa X-Men ihun ba haka yake ba? Saboda ya riƙe abin da ya fi muhimmanci. Labarin X-Men labari ne na mutanen da aka haifa daban, jama'a na tsoronsu, hukuma na farautarsu, su kuma sun rabu gida biyu: Farfesa Xavier na cewa a zauna lafiya da mutane, Magneto na cewa wanda ya taɓa ganin an kashe danginsa ba ya jiran alƙawari. A labarin farko ma aka nuna an rasa Morph, aka kama Beast ya shafe kusan zangon farko a kurkuku yana jiran shari'a. Yaro ɗan shekara goma ya ga jarumai sun fita aiki sun dawo ba su cika ba. Zanen kansa ba wani abin yabo ba ne, motsin a sandare yake, kuma kashe-kashen ƙarshe na 1997 sun fi na baya rauni. Duk da haka labarin ya ɗauke shi.

Yanzu ga wanda ya fi ba ni sha'awa. A 2001 Bruce Timm da abokan aikinsa suka fito da Justice League a tashar Cartoon Network, da jarumai bakwai: Superman, Batman, Wonder Woman, Flash, Martian Manhunter, Hawkgirl da Green Lantern. Tun kafin a fara nunawa wasu tsofaffin makaranta littafin suka tada jijiyar wuya. An ajiye Aquaman an sa Hawkgirl, sannan a matsayin Green Lantern an tsallake Hal Jordan da Kyle Rayner, an ɗauko John Stewart, baƙar fata. Suka ce an yi haka ne don kawai a cika gurbin mace da na baƙi. Alhali kuwa John Stewart yana cikin littafi tun 1971, lokacin da Dennis O'Neil da Neal Adams suka ƙirƙiro shi. A can mai zanen gine-gine ne, katun ya mayar da shi tsohon sojan ruwan Amurka, mutum mai tsauri, marar son wasa, wanda ke cin karo da Flash mai barkwanci kusan kullum.

Ka ji abin da ya biyo baya. Soyayyar John da Hawkgirl ta zama ƙashin bayan shirin, har aka zo labarin ƙarshe na 2004 inda ta bayyana cewa ita 'yar leƙen asiri ce ta duniyarsu Thanagar. Mutum biyun nan da aka ce cika gurbi ne, su suka ba shirin labarin da ya fi taɓa zuciya. Daga baya littafin da kansa ya karɓi tarihin sojan ya liƙa wa John. Sai 2011 aka yi fim ɗin Green Lantern da mutane, Ryan Reynolds ya fito a Hal Jordan. Nan fa yaran da suka tashi da katun suka shiga tambaya: wa ya mayar mana da Green Lantern Bature? Cikin shekara goma kacal masu ihun sun canza, ihun bai canza ba. Abin da kowa ke kira na asali shi ne wanda ya fara gani yana yaro.

Ba a kan John Stewart kaɗai littafi ya bi bayan katun ba. X-Men: Evolution, wanda aka fara a 2000, ya mayar da jaruman 'yan sakandare, abin da ya ɓata wa masoyan na 1992 rai ƙwarai. Amma a cikinsa ne aka ƙirƙiro yarinyar nan X-23 a 2003, ta shiga littafi a 2004, har ta fito a fim ɗin Logan na 2017. Wanda ya ce kada katun ya ƙara komai a kan littafi, ya sani da an bi tasa da babu ita.

Akwai ma inda sauyin ya gyara abin da littafi ya ɓata. Teen Titans na 2003, mai kashi 65, ya samo asali ne daga aikin Marv Wolfman da George Pérez na shekarun 1980. An soke shi da farko saboda zanensa ya yi kama da na Japan, idanu ƙwala-ƙwala, kai ya kumbura in an yi fushi. To dubi labarin Terra. A littafin 1984 mayaudariya ce tun asali, marar tausayi, kuma tsakaninta da dattijon da ya turo ta akwai alaƙar da ba ta da daɗin faɗa. A katun, yarinya ce mai gudun hijira da ta kasa sarrafa ƙarfinta, tana tsoron a gane a kore ta, sai Slade ya shiga ta wannan ƙofar. Ta ci amanar abokanta, ta yi nadama, ta ƙare da zama dutse garin ceton gari. Ni dai a ganina na katun ya fi zafi, domin ka san dalilinta, kuma ba za ka iya tsanar ta hankali kwance ba.

Kada ka ɗauka ina cewa masoya ba su da gaskiya ko yaushe. Akwai kukan da ke bisa hanya. Avengers: Earth's Mightiest Heroes, da aka fara a 2010, shiri ne da ya gina jarumansa a hankali, amma aka tsayar da shi a kashi 52, aka maye gurbinsa da Avengers Assemble a 2013, wanda aka tsara don ya yi kama da finafinan Marvel da ke cin kasuwa a lokacin. Masoya suka ce an musanya labari da talla. Na yarda da su. Sai dai ka lura, abin da suka rasa shi ne rubutu mai kyau, ko da da yawansu sun kira shi bin littafi.

Batun Teen Titans Go! kuwa daban ne. A 2013 aka dawo da jaruman biyar, da muryoyinsu na da, amma aka mayar da abin barkwanci zalla: Robin da Cyborg da Beast Boy suna faɗa kan abinci da wanki. Tsofaffin masoya suka yi ca a kansa, shi kuma ya riƙa tsokanar su a cikin labaransa. Ya haura kashi 300, har da fim ɗin silima a 2018. A nan sai in ce wa 'yan uwana manya, ku yi haƙuri, ba don ku aka yi ba. Na 2003 yana nan babu wanda ya goge shi. Abin da ke ci muku rai shi ne kun girma, kuma furodusa ba shi da maganin wannan.

Sai Young Justice, wanda ya nuna ƙarfin masoya da kuma haɗarinsa. Greg Weisman da Brandon Vietti suka fara shi a 2010, da matasan jarumai da ke yi wa manyansu aikin sirri, a ƙarƙashin Aqualad, wanda su suka ƙirƙiro shi don shirin. An tsayar da shi a 2013 bayan zango biyu, kuma dalilin da aka fi bayarwa shi ne kayan wasan yara da ake sayarwa da sunansa ba su yi kasuwa ba. Masoya suka ƙi haƙura, suka yi ta kallonsa a Netflix suna kira, har aka sanar da dawowarsa a 2016, zango na uku ya fito a 2019. Madalla. To amma da ya dawo, sai ya zama kamar yana son ya faranta wa kowa: jarumai suka yi yawa, labarai suka yi rassa, har ka manta wa kake bi. Zangon farko da aka yi shi da 'yan mutane kaɗan ya fi duk na bayansa daɗi. X-Men '97 na 2024 ya fi shi wayo. Ya dawo da kiɗan da kayan da aka saba da su, sannan a kashi na biyar ya nuna kisan kiyashin Genosha, ya kashe Gambit. Masoya ba su roƙi wannan ba, amma shi suka fi yabawa.

To idan bin littafi bai isa ma'auni ba, da me za mu auna? Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma shirin runduna a kan wannan ya kamata a tuhume shi. Ka cire jarumi ɗaya a ranka, ka gani ko labarin zai girgiza. In bai girgiza ba, taron riguna ne kawai. Ka duba ko suna samun saɓani na gaske a tsakaninsu, kuma ko abin da suka aikata jiya yana bin su yau. Da wannan ma'auni ne na ɗora Justice League Unlimited, na 2004 zuwa 2006, a saman sauran. A labarin Cadmus, wanda marigayi Dwayne McDuffie ke cikin manyan marubutansa, rundunar ta cika da jarumai, tana da hasumiya a sararin samaniya ɗauke da makamin da ke kallon ƙasa. Amanda Waller, wakiliyar gwamnati, ta ce wa zai tsare mu daga gare su ranar da suka canza ra'ayi? Kuma shirin bai mayar da ita muguwa ba. A cikin rundunar ma Green Arrow, wanda ba shi da komai sai kwari da baka, yana ganin tsoronta da hujja. An nuna wannan a 2005, Amurka na tsakiyar yaƙin Iraƙi. Ba wani littafi guda aka kwafo ba, marubutan ne suka tattaro tsofaffin kaya suka gina nasu.

Saboda haka mai karatu, in ka sake jin wani ya ce ba haka yake a littafi ba, ka tambaye shi wane littafin, na wace shekara, don jaruman nan sun shafe sama da shekara sittin a hannun marubuta daban-daban, kowa da yadda ya juya su. Sannan ka tambaye shi abin da sauyin ya ɓata. In ya iya nuna maka, kamar yadda za a iya nunawa a labarin Jean Grey, to ka saurare shi da kyau. In kuwa amsarsa ita ce shi dai ba haka ya saba ba, ka bar shi da ƙuruciyarsa, kai ka ci gaba da kallonka. Wanda yake ganin akwai shirin da ya fi Justice League Unlimited, filin wasiƙu a buɗe yake, amma ya zo da hujja.