"An Rage" Ko "An Ƙara"? Darasi Daga Gandun Dabbobi

Mai karatu, in ka taɓa karanta Animal Farm na George Orwell (1945), ko fassararsa ta Hausa, Gandun Dabbobi, wadda Bala Abdullahi Funtua ya yi a 1975, ba za ka manta da aladen nan mai zaƙin baki ba, kakakin masu mulkin gandun. Duk sanda aka tsuke wa dabbobi abinci, ba ya yarda ya ce an rage, sai ya ce an daidaita. Ga yunwa na cin su, ga lissafi ana karanto masu wai sun fi da ƙoshi.

A nan gwanintar Orwell take. Ya gane cewa mai mulki ba sai ya shirga ƙarya tsagwaronta ba, ya ishe shi ya sauya wa abu suna. To, wannan aladen bai mutu ba, yana nan cikin labaran siyasa da mu ke ji kullum.

Duba abin da ya faru a Janairun 2012. Gwamnatin Jonathan ta janye tallafin mai, lita ta tashi daga N65 zuwa wajen N141. Da yajin aiki da zanga-zanga suka yi ƙamari, sai aka mayar da ita N97, kafofin labarai da dama suka ce an rage kuɗin mai. Rage fa! Alhali talaka ƙarin N32 ya kwana da shi a kan kowace lita. Babu ƙarya a lissafin, amma daga ina aka fara ƙirgen?

Sai kuma 'yar kalmar nan "an". An yi arangama, an rasa rayuka. Wa ya yi harbi? Wa aka kashe? Kalma ɗaya ta haɗiye mai laifi. Haka mutum ɗaya zai zama "jigo" a wannan tasha, a waccan kuma "ɗan kanzagi", gwargwadon wanda ke biyan kuɗin shirin.

Kai da ka saba gane mugu a fim tun kafin ya buɗe baki, don Allah ka riƙa sauraron labarai da irin wannan basirar. In ka ji "an", tambayi waye. In ka ji "an rage", tambayi daga nawa. Dabbobin gandun nan mantuwa ce ta kai su ta baro, domin sun kasa tuna yadda jiya take. Allah ya kyauta.