Mulkin Zazzau a Littafin M. G. Smith: Abin da Ya Gani da Abin da Ya Tsallake

A shekarar 1960 aka buga littafin M. G. Smith mai suna Government in Zazzau, wanda ya bi sha'anin mulkin ƙasar Zazzau tun daga 1800 har zuwa 1950. Mawallafin ya zauna a lardin a 1949 da 1950, ya ji ta bakin dattawa da masu sarauta, sa'an nan ya gwama tsarin Zariya da na Abuja, wadda a yau a ke kira Suleja, inda dangin Sarki Makau suka kafu bayan jihadi.

Ba shakka aikin ya cancanci yabo. Ya bayyana yadda gidajen Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa su ke takarar gadon sarauta, da yadda sabon sarki kan tuɓe mutanen wanda ya gada ya naɗa nasa. Wanda bai fahimci wannan ba, ba zai gane dalilin yawan tuɓe-tuɓen hakimai a Zazzau ba, ko bayan da Turawa suka fitar da su daga birni zuwa gundumomi.

Amma littafin ya tsaya a ƙofar fada, ya ba sauran gari baya. Kafin 1950 Zariya ta riga ta zama garuruwa da dama: ga Birni, ga Tudun Wada, ga Sabon Gari da ya bunƙasa saboda jirgin ƙasa, ga kuma Wusasa inda 'yan mishan suka koma a 1929. A Zariya aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, nan kuma aka kawo kwalejin da aka fara a Katsina, wato Barewa ta yau, a 1949. Daga waɗannan wurare, da Makarantar Midil, malamai da akawuna suka fito suna tuhumar En'e game da haraji da kotunan alƙalai. Dokta R. A. B. Dikko, mutumin Wusasa, yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. Duk wannan yunƙuri bai sami rabon kirki a littafin ba.

Haka kuma al'ummomin kudancin lardin sun fi fitowa a matsayin masu biyan haraji, alhali kuwa ƙorafinsu a kan hakiman da a ke turo musu daga birni shi ne ya mamaye siyasar lardin daga baya.

Saboda haka ɗalibi ya riƙi littafin a matsayin madubin sarauta, kada ya ɗauke shi tarihin jama'ar Zazzau duka. Mai neman sanin yadda a ke naɗa Madaki ko Galadima zai ƙoshi. Mai neman sanin yadda ɗan talaka ya shiga aji, ya fito yana neman ƙuri'a, sai ya nemi tsofaffin jaridu da rajistar makarantu.