Shirwa Ba Ta Jiran Kyamarar Miliyan Goma

Matashin mai ɗaukar hoto a Tudun Wadar Sakkwato, wanda ya saba da biki da suna da saukar karatu, ran da ya fara ɗaga kyamara sama yana bin shirwa, a ranar zai gane cewa amarya tana tsayawa, tsuntsu kuwa ba ya tsayawa. Sai ya shiga YouTube neman shawara, nan kuma baki ya zo ɗaya: a yar da tsohuwar kyamara mai madubi, a sayi sabuwa mara madubi wadda ke gane idon tsuntsu da kanta. Wannan shi ne yayin da ake ciki a duniyar hoton tsuntsaye tun wajen 2020, kuma ga mafi yawan masu sha'awar abin a Sakkwato shawarar ba ta dace da su ba.

A ba yayin haƙƙinsa tukuna, domin ba ƙarya masu tallarsa ke yi ba. A 2017 Sony ya fito da a9, mai ɗaukar hoto 20 cikin daƙiƙa ɗaya ba tare da ramin leƙen ya yi duhu tsakanin hoto da hoto ba. A 2020 Canon EOS R5 ta zo da manhajar da ke gane dabba da tsuntsu, ta ɗora saiti a kan ido ta riƙe. Shekara ta zagayo Sony a1 da Nikon Z9 suka biyo baya. Akwai ma wata dabara da Olympus ya shigo da ita tun 2016: kyamara na tara hotuna a ɓoye tun yatsa na rabin dannawa, ta yadda ko da mutum ya makara, ta riga ta kama lokacin da tsuntsun ya bar reshe. Abin da a da yake cin shekaru kafin hannu ya faɗa, yanzu na'ura tana ɗauke rabinsa.

Sai batun kuɗi. An fitar da a1 a kan dala 6,500, Z9 kuma dala 5,500, bodi kawai, babu gilashi. A 2024, da dala ta haura naira 1,500, kuɗin a1 ya kusa naira miliyan 10, a shekarar da aka tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan naira 70,000. Ko R7 ta Canon, wadda ta fito a 2022 a matsayin mai sauƙi, dala 1,499 aka sa mata a lokacin. Abin da kan faru shi ne mutum ya tattara duk abin da ya mallaka ya sayi bodi, sannan ya maƙala mata ɗan gilashin da yake ɗaukar ango da shi. Ya kashe kuɗinsa a sirdi ya rasa na doki.

A hoton tsuntsu, gilashi ne gaba. Ƙasa da milimita 400 wahala ce kawai, shirwa za ta fito kamar ɗigon tawada a tsakiyar sama, kuma duk wayon manhaja ba ta ganin idon da gilashi bai kawo mata ba. A 1993 Canon ya fito da 400mm f/5.6, nauyinsa kilo ɗaya da kwata, saitinsa da sauri. Ana kushe shi da cewa ba shi da abin hana girgizar hannu, amma mai bin tsuntsu a sama yana aiki ne da shota mai saurin ɗaya bisa 2,000 na daƙiƙa ko fiye, kuma a wannan sauri girgizar hannu ba ta samun damar ɓata komai. Nikon na da 200-500mm na 2015, ya fi nauyi, ya haura kilo biyu, sai mai ƙashi. Sigma da Tamron kowanne na da 150-600mm. Dukkansu ana samun na hannu. Kushen da ake musu a Turai shi ne ba su shan haske sosai, to wannan damuwar mutumin Ingila ce da ke fama da gizagizai. Basakkwace bai taɓa rasa rana ba.

Bodin da za a haɗa da su ma tana nan a gwanjo, domin masu hali a ƙasashen waje suna ta sauke kyamarori masu madubi don komawa sabon yayi. Canon 7D Mark II ta 2014 da Nikon D500 ta 2016 kowacce na ɗaukar hoto 10 a daƙiƙa, kuma don wasanni da namun daji aka ƙera su. Sensarsu ƙarama ce, abin da ke sa milimita 400 ta yi aikin 640 a Canon, 600 a Nikon. Hoto 10 a daƙiƙa ba abin rainawa ba ne. A 1882 Bafaranshe Étienne-Jules Marey ya ƙera wata kyamara mai siffar bindiga da ke ɗaukar 12 a daƙiƙa don nazarin fiffiken tsuntsu. A 1884 kuma Ottomar Anschütz ya ɗauki dangin shamuwa na Turai suna tashi suna sauka a sheƙarsu, hotunan da suka shiga cikin abin da ya ƙarfafa Otto Lilienthal wajen ƙera fukafukan da ya yi shawagi da su.

Akwai kuma abin da masu sharhin kyamara ba su lissafawa don ba su zauna a nan ba. Batirin D500 a ƙa'idar gwaji yana kai hoto 1,240, mara madubi kuwa allonta na cin wuta ko ba a danna komai ba, kuma duk mazaunin Tudun Wada ya san yadda caji yake. Yawancin kyamarori an rubuta musu iyakar aiki a maki 40 na zafi, Sakkwato kuma a watan Afrilu tana wuce nan ba tare da an yi labari ba. Ga ƙurar hunturu. A mara madubi da yawa, da an cire gilashi sensa a buɗe take, ƙura ta zauna, ta fito baƙi-baƙi a kan shuɗin sama, daidai inda mai hoton tsuntsu ke aiki. Idan kuma kyamarar ta lalace, mai gyaran da ya san cikinta yana nesa.

Masu sayen Nikon P900 ko P1000 saboda sun ga ana zuƙo wata da su, su san abin da suka saya. Suna da kyau ga tsuntsun da ke zaune a kan waya ko bakin tafki, har a gane irinsa. Da ya tashi sai saiti ya rikice. Wayar hannu kuwa, a bar ta ga tattabarun tsakar gida.

Abin da ke raba hoto mai kyau da tarkace a sararin Sakkwato yawancinsa ilimi ne da ba a sayarwa. Tsuntsu yana tashi yana sauka ne yana fuskantar iska. Da hunturu iska daga arewa maso gabas take busowa, hantsi kuma daga gabas yake, don haka wanda ya tsaya da safe a fadamar Kwalkwalawa ya ba gabas baya, rana da iska duk suna bayansa, balbela da zalɓe za su riƙa zuwa suna fuskantarsa, haske a ƙirjinsu. Da damina iska ta juya kudu maso yamma, sai lissafin ya koma la'asar. Tsakar rana ba lokacin aiki ba ne, hucin ƙasa na sa iska rawa, kuma gilashin miliyoyi ma hoto mai laushi zai bayar. Farin sama na hazo yana yaudarar kyamara ta mayar da shirwa baƙin inuwa, sai an ƙara haske da hannu. Balbela a gaban duhun bishiya kuma sai an rage, in ba haka ba gashinta ya ƙone fari fat.

Makarantar ma kyauta ce. Shirwa ita ce ajin farko, tana da girma, tana kewayawa a hankali, tana maimaita da'irarta. Daga ita sai hankaka, sai tattabarun da samari ke kiwo idan aka tashe su. Tsattsewa ita ce jarrabawar ƙarshe, kuma a nan ne gaskiya sabuwar kyamara ke yi wa tsohuwa nisa. Wanda ya kai matsayin da tsattsewa ce kaɗai ke ba shi wuya, kuma aljihunsa ya yarda, ya sayi mara madubi, gilashinsa na da zai hau kanta da adafta, bai yi asarar komai ba.

Wani abu da ba ya cikin takardar kowace kyamara: dogon gilashi yana jawo ido. A unguwa mai cunkoso irin Tudun Wada, wanda ya hau soro ya miƙa shi, maƙwabta ba shirwa za su gani ba, tsakar gidajensu za su tuna, kuma suna da gaskiya. Fili ko bakin gulbi ya fi, a yi sallama ga masu gona, a nuna musu hoton a allo. Kusa da bariki da filin jirgi ba wurin wannan sana'a ba ne. Yankin madatsar Goronyo akwai tsuntsayen ruwa, amma halin tsaro a gabashin jihar ya sa ba a zuwa sai da shawarar mutanen wurin. Mai ɗauke da kayan miliyan 10 a wuya yana da ƙarin dalilin zama a gida, kyamarar da ke gida kuwa ba ta ɗaukar komai.

Nan ne babbar asarar yayin take. A farkon shekarun 1970 Peter Mundy da A. W. Cook sun rubuta bayanin tsuntsayen Sakkwato a mujallar ƙungiyar masana tsuntsaye ta Najeriya, lokacin da ungulu take ko'ina a mayanka da bayan kasuwa. Mundy ya ci gaba har ya zama ɗaya daga cikin manyan masana ungulu a Afirka. A 2015 hukumar IUCN ta saka wannan ungulun ta gari cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa, saboda guba da kuma cinikin sassan jikinta don magani da tsubbu. Yaro a Sakkwato yau yana iya girma ya san ungulu a karin magana kawai. Shirin taswirar tsuntsayen Najeriya, wanda cibiyar APLORI ta Jos ke jagoranta tun 2015, yana karɓar rahoto daga masu sa kai ta manhajar BirdLasser, kuma hoto mai kwanan wata da wuri shi ne shaidar da ba a musu. Shirin ba ya tambayar sunan kyamara.

Don haka mai naira a hannu ya fara da gilashin milimita 400 ko fiye, ya duba shi a rana ko akwai hazo ko ƙuraje a ciki, sannan ya nemi bodi ta hannu ya tambayi adadin hoton da shotarta ta ɗauka. Ragowar kuɗin ya sayi batir na biyu da man mashin zuwa fadama. Shamuwa na isowa gab da faɗuwar damina, ya kasance ya riga ya gwada hannunsa a kan shirwa kafin nan. In kuma Allah ya haɗa shi da ungulu, a sama ko a ƙasa, ya ɗauka, ya rubuta rana da wuri, ya aika Jos.