Jinjina ga Masu Rakiyar Baƙi a Birnin Dabo

Baƙon da ya sauka Tokiyo ko Osaka a Japan yakan riƙe littafin jagora, yana dubawa yana bin lunguna. A tsohon birnin Kano mutum ne jagoran, kuma na fi son haka.

Mu mutanen Bici mun saba bin titin Katsina, mu wuce Dawanau mu shiga birni, mu yi cefane mu juyo, muna ganin mun san Kano. Alhali sai an sami ɗan gari ya shige gaba ake gane ashe bakin titi kawai aka sani. Shi zai ratsa da kai Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), ya kai ka rumfar dukawa ba tare da ka ɓace ba. A karofin Ƙofar Mata ba ya barin ka da kallon ramuka. Zai sa marini ya nuna maka baba da toka, ya ciro zane daga ruwa da ɗan kore-kore, ka tsaya har iska ta mai da shi shuɗi a gabanka. Daga nan sai wajen masu bugu, inda ake dukan yadi a kan gungume har ya ɗauki sheƙi.

Yawancin masu rakiyar nan ba su da albashi, abin da baƙo ya miƙa shi ne. Duk da haka za su hau Dala da kai cikin rana, suna ba ka labarin Barbushe, su jira ka huta kafin a gangaro zuwa Gidan Makama.